Fashin Baƙi: Wane Ne Ke Samun Gurbi a Manyan Jami'o'in Amurka, Kuma Me Ya Sa Maki Kaɗai Ba Ya Isa?

"Yarona ya ci A1 bakwai a jarrabawar WAEC, ya kuma samu maki 1500 a SAT (jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka), shin Harvard za ta ɗauke shi?" Wannan tambaya, ko mai kama da ita, takan yawaita a bakin iyaye da malamai daga ƙarshen watan Maris zuwa Afrilu, lokacin da jami'o'in Amurka ke fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, kafofin yaɗa labarai kuma su cika da labarin wani ɗalibi ɗan Najeriya ko Ghana da jami'o'i goma sha wani abu suka ba gurbi tare da tallafin da aka ce ya kai dala miliyan kaza. Mai karanta irin wannan labari yakan ɗauka cewa akwai wani maki da aka ƙayyade wanda yaron ya tsallake, kamar yadda muka saba gani a JAMB, don haka duk wanda ya kai wannan makin shi ma za a buɗe masa. Su kansu miliyoyin da ake ambata ba kuɗi ba ne da za a danƙa wa yaron a hannu, jimlar tayin da jami'o'in duka suka yi masa ne na shekara huɗu, alhali ɗaya tak zai halarta. Amsar tambayar uban nan ita ce babu wanda zai iya ba shi adadi guda ya ce ga damar ɗanka, kuma dalilin hakan shi ne abin da ya kamata a fahimta.

Waɗanne jami'o'i ake magana a kansu

Amurka tana da dubban manyan makarantu, kuma galibinsu suna ɗaukar mafi yawan waɗanda suka nema. Cibiyar bincike ta Pew ta duba jami'o'i 1,364 masu ba da digirin farko, ta gano cewa a shekarar 2017 fiye da rabinsu sun ɗauki kashi biyu cikin uku na masu nema ko sama da haka, 17 ne kacal suka ɗauki ƙasa da kashi 10 cikin 100. Ke nan duk hayaniyar da ake yi a kan 'yan tsiraru ake yin ta. A cikinsu akwai takwas ɗin da ake kira Ivy League, wato Harvard da Yale da Princeton da Columbia da Pennsylvania da Brown da Dartmouth da Cornell, sunan da asalinsa na ƙungiyar gasar wasanni ce da suka kafa a 1954. Sai MIT da Stanford da Caltech da Duke da Chicago, da wasu ƙananan kwalejoji irin su Amherst da Williams waɗanda ba a cika jin sunansu a wajenmu ba, amma a can shigarsu ba ta fi ta manyan sauƙi da yawa ba.

Me ake nufi da kashi 4 cikin 100

A zangon da aka fitar da sakamakonsa a Maris 2024, mutum 54,008 ne suka nemi shiga Harvard, aka ɗauki 1,937, wato kashi 3.59 cikin 100. Shekara biyu kafin nan masu nema 61,220 ne, aka ɗauki 1,954. Abin lura shi ne yawan kujerun bai cika canzawa ba, domin ajin farko na jami'ar bai wuce ɗalibai 1,650 ko makamancin haka ba, kuma kusan kowa a harabar makarantar yake kwana. Yawan masu nema ne ke hawa da sauka. Da annobar korona ta sa aka ɗage sharaɗin gabatar da sakamakon SAT, masu neman Harvard sun tashi daga 40,248 zuwa 57,435 a cikin shekara guda, sai kason waɗanda aka ɗauka ya faɗo daga 4.92 zuwa 3.43, ba tare da jami'ar ta ƙara tsaurara komai ba. Manhajar Common App, wadda ke ba ɗalibi damar tura takarda ɗaya zuwa jami'o'i har 20, ta ƙara wa lamarin yawa, tunda wanda a da zai nemi uku yanzu goma sha biyar yake nema.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar wannan adadi tamkar ƙuri'a, a ce kowane mai nema yana da dama huɗu cikin ɗari. Matsakaici ne na mutanen da halinsu ya sha bamban ƙwarai: akwai ɗan wasan da kocin jami'ar ya riga ya nuna yana so, wanda shigarsa ta kusa tabbata, akwai kuma dubban da suka tura takarda don gwada sa'a alhali sakamakonsu bai kai a tsaya a kansa ba. Daga wannan kuskure ne wani ke haifuwa, inda ɗalibi zai lissafa cewa idan ya nemi takwas ɗin nan gaba ɗaya, kowace da dama kashi 4, to damarsa ta samun aƙalla ɗaya ta kai kusan kashi 28. Lissafin zai yi daidai ne da a ce kowace jami'a jefa ƙwandala take yi. Amma takarda ɗaya ce suke karantawa, da maƙala ɗaya da wasiƙun malamai iri ɗaya, kuma abubuwan da suke nema sun yi kama, don haka raunin da ya kayar da ɗalibi a Yale shi ne zai kayar da shi a Princeton. Wannan ne ma ya sa ake samun yaro guda da duka suka ɗauka, ga kuma dubbai da babu wadda ta waiwaye su.

Maki kuwa bai isa ya raba gardama ba saboda masu shi sun fi kujerun yawa. A shari'ar da aka yi da Harvard a Boston a 2018, kan zargin tana danne masu nema 'yan asalin Asiya, an bayyana cewa a zango guda, cikin masu nema kimanin 35,000, sama da 8,000 suna da cikakken sakamakon sakandare ba tare da tabo ba, sama da 3,000 sun cinye makin lissafi na SAT gaba ɗaya, sama da 2,700 kuma sun cinye na Turanci. Ko da jami'ar ta ce masu cikakken sakamako kaɗai za ta ɗauka, sai ta mayar da uku cikin kowane huɗu gida.

Inda tsarin ya samo asali

Hanyar da waɗannan jami'o'i ke bi ita ce duban ɗalibi gaba ɗayansa: karatunsa, abin da yake yi a wajen aji, halayensa, gidan da ya fito da irin damar da ya samu. A kunne abin yana da daɗi, amma tarihinsa ba mai daɗi ba ne. Har zuwa farkon ƙarni na 20 jarrabawa ce ke shigar da mutum Harvard. Da 'ya'yan Yahudawa baƙin haure suka fara cin jarrabawar da yawa, har suka haura kashi 20 cikin 100 na sababbin ɗalibai a 1922, shugaban jami'ar na lokacin, A. Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade yawansu a fili. Da hakan ya jawo suka, sai aka bi ta bayan gida: aka shigo da tantance "hali" da wasiƙun shaida da ganawa da mai nema da fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, abubuwan da babu ma'aunin da zai kama jami'a da laifi a kansu. Daga baya, musamman tun daga shekarun 1960, an yi amfani da wannan sassauci wajen shigo da baƙaƙen fata da sauran waɗanda aka daɗe ana rufe wa ƙofa, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta amince da la'akari da launin fata a matsayin abu ɗaya cikin abubuwa da yawa a shari'ar Bakke ta 1978, ta sake jaddada hakan a shari'ar Grutter ta 2003. Kayan aiki ɗaya ne aka yi rufi da shi aka kuma yi buɗi, kuma a duka biyun abin da bai canza ba shi ne jami'a ce ke da ikon zaɓen wanda take so ba tare da ta yi wa kowa bayani ba.

Yadda ake karanta takardar ɗalibi

Shari'ar 2018 ta tilasta wa Harvard buɗe abin da ta daɗe tana rufewa, shi ya sa ita aka fi sani dalla-dalla. Ana rarraba takardu bisa yankin da suka fito, jami'in da ya san yankin ya fara karantawa, ya ba da maki daga 1 zuwa 6, inda 1 ne mafi kyau, a fannin karatu, da ayyukan wajen aji, da wasanni, da halayya, sannan maki na gaba ɗaya. Ƙaramin kwamiti ya tattauna, wanda ya tsallake a kai shi babban kwamiti mai mutum kusan 40 a jefa ƙuri'a. A ƙarshe, idan waɗanda aka amince da su sun fi kujeru yawa, akwai zaman rage suna, inda ake cire wasu da aka riga aka yarda da cancantarsu.

A misalta wani yaro da ya gama sakandare a Kano. Yana da A1 bakwai da maki 1480 a SAT, kuma tun yana aji uku, in an tashi makaranta, shagon mahaifinsa yake wucewa a Kantin Kwari, shi ke riƙe littafin bashi, shi ya mayar da lissafin shagon cikin waya. A gurbin ayyukan wajen aji, inda Common App ta ba da layi goma, yaron ya rubuta cewa shi mamba ne na ƙungiyar muhawara da ƙungiyar kimiyya, ya bar zancen shago domin a ganinsa wannan ba abin faɗa wa Turawa ba ne. Malamin lissafinsa, wanda ke da ɗalibai sama da tamanin a aji, ya rubuta masa wasiƙar shaida mai layi huɗu, ya ce yaro ne mai ladabi da biyayya da ƙwazo, kuma yana roƙon a taimaka masa. A maƙalarsa mai kalma 650 yaron ya rubuta cewa burinsa shi ne ya zama injiniya ya dawo ya gina ƙasarsa. Ma'aikaciyar da ke karanta wannan takarda, wadda ta karanta gommai a ranar, ba ta ga ƙarya ko ɗaya a ciki ba, amma kuma ba ta ga abin da za ta miƙe a gaban kwamiti ta kare ba, domin ladabi da ƙwazo da son gina ƙasa suna cikin takardu dubu. Abin da zai bambanta shi, wato shekara huɗu na riƙon amanar dukiya da mu'amala da 'yan kasuwa da suka haife shi, shi ne ya ɓoye. Takwaransa da ya fito daga makarantar kuɗi a Legas ko a jihar Masachusets yana da mai ba da shawara wanda aikinsa ke nan, ya san abin da ake rubutawa, wasiƙarsa shafi biyu ce cike da misalai. Tazarar da ke tsakanin yaran biyu a idon kwamiti ba ta basira ba ce.

A nan ne al'adarmu ke karo da tasu. Mu an rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma malami yana ganin ya gama yabo idan ya ce yaro ba ya ɗaga ido ya kalli babba. Su kuma suna neman shaidar cewa yaron yana tambaya, yana jayayya da hujja, ya taɓa fara wani abu da kansa ya kai shi ƙarshe. Ba sai yaro ya koyi fankama ba. Abin da ake bukata shi ne a faɗi abin da ya faru, da ranarsa da adadinsa da abin da ya biyo baya.

Shafaffu da mai

Bayanan da aka gabatar a kotu, na zango shida, sun nuna cewa 'ya'yan tsofaffin ɗaliban Harvard an ɗauki kimanin kashi 33 cikin 100 na masu nema daga cikinsu, sauran jama'a kuma kusan kashi 6. 'Yan wasan da koci ya nema kuwa an ɗauki kashi 86. Akwai kuma jerin sunaye na musamman da shugaban sashen ɗaukar ɗalibai ke sa wa ido, wanda ya ƙunshi dangin masu ba jami'ar gudummawa, sai 'ya'yan malamai da ma'aikata. Masanin tattalin arziki Peter Arcidiacono na Jami'ar Duke, wanda ya ba da shaida a ɓangaren masu ƙara, shi da abokan aikinsa sun lissafa cewa kashi 43 cikin 100 na fararen fatar da aka ɗauka sun faɗa cikin ɗaya daga waɗannan rukunai huɗu, kuma kusan uku cikin huɗunsu da ba su shiga ba in ba don wannan fifiko ba. Wasannin da ake magana ba ƙwallon ƙafa da kwando kaɗai ba ne. Akwai tseren kwale-kwale da wasan takobi da sukwash, waɗanda sai ɗan gidan wadata ke samun wurin koyonsu.

A 2023 Raj Chetty da David Deming da John Friedman suka fitar da bincike a kan jami'o'i goma sha biyu daga cikin mafiya wuyar shiga, inda suka haɗa bayanan haraji da na ɗaukar ɗalibai. Sun gano cewa idan yara biyu suna da makin SAT ɗaya, wanda iyayensa ke cikin kashi 1 mafi arziki a ƙasar ya fi matsakaicin mai nema damar shiga da kashi 34 cikin 100, kuma abubuwa uku ne ke jawo hakan: gadon gurbi (wato fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai), wasanni, da makin da ake bayarwa a kan abin da ba karatu ba. Duk wannan halal ne a dokar tarayyar Amurka. Haramtaccen shi ne wanda ya fashe a Maris 2019, lokacin da aka gurfanar da wani mai suna Rick Singer da ke karɓar kuɗin attajirai yana sayen kociyoyi su gabatar da 'ya'yansu a matsayin 'yan wasa, yana kuma sa a gyara musu amsoshin jarrabawa. 'Yan fim Felicity Huffman da Lori Loughlin sun yi zaman kurkuku a kan haka.

Masu kare gadon gurbi suna cewa shi ke ɗaure tsofaffin ɗalibai da makarantarsu, gudummawarsu kuma ita ke biya wa talaka. Hujjar tana da rauni idan aka dubi MIT, wadda ba ta yin wannan fifiko kuma ba ta rasa kuɗi ba, da Johns Hopkins da Amherst da suka daina. Jihohin Kolorado da Bajiniya sun haramta shi a jami'o'in gwamnati, Maryland da Kalifoniya kuma suka haɗa har da masu zaman kansu a 2024. Mai karatu ɗan Najeriya ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda a jami'o'in tarayya ma kashi 45 ne ake warewa na cancanta zalla, 35 na yankin da jami'a take, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Bambancin shi ne namu a rubuce yake kowa ya san kasonsa, nasu kuma sai da kotu ta tono shi.

Lokacin nema ma ƙofa ce. Mai nema da wuri yakan rufe takardunsa ranar 1 ga Nuwamba ya ji sakamako a tsakiyar Disamba, sauran kuma su tura a farkon Janairu su jira ƙarshen Maris. A zangon 2024 Harvard ta ɗauki 692 cikin 7,921 da suka nema da wuri, wato kashi 8.74, amma yawancin 'yan wasa da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai a nan suke shigowa, don haka adadin ya fi gaskiyar damar talaka kyau. A jami'o'i irin su Columbia da Brown da Duke neman wuri alkawari ne mai ɗaurewa: in an ɗauke ka sai ka janye sauran takardunka, ka rasa damar kwatanta tallafin wannan da na waccan.

Abin da ya canza tun 2023

Ranar 29 ga Yuni 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar Students for Fair Admissions ta shigar da Harvard da Jami'ar North Carolina, ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Ƙarar ta ginu ne a kan cewa ana danne 'yan asalin Asiya, waɗanda bayanai suka nuna suna samun makin halayya ƙasa da na sauran duk da ƙarfinsu a karatu. Alƙalin alƙalai John Roberts ya bar kafa ɗaya: ɗalibi na iya bayyana a maƙalarsa yadda launinsa ya shafi rayuwarsa, muddin abin da za a auna shi ne halin da ya nuna shi kansa. A zangon farko bayan hukuncin, kason baƙaƙen fata a sabon ajin MIT ya faɗo zuwa kashi 5 daga kimanin 13, a Amherst daga 11 zuwa 3, a Harvard daga 18 zuwa 14, yayin da a Yale da Princeton canjin bai taka kara ya karya ba a wannan shekara. Masu goyon bayan hukuncin suna ganin an dawo da adalci ga kowane ɗalibi a karan kansa, masu adawa kuma suna cewa an cire fifikon da ke taimakon marasa galihu an bar na masu galihu yana nan daram. Hukuncin ya fi shafar 'yan ƙasa da mazauna Amurka, domin ɗalibin da ke nema daga ƙetare a rukunin baƙi ake lissafa shi tun asali.

Sauyi na biyu shi ne dawowar SAT. MIT ta maido da sharaɗin a 2022, Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka biyo baya a 2024, kuma da Harvard ta maido, masu nemanta sun sauko ƙasa da 50,000. Dalilin da Dartmouth ta bayar ya cancanci a tsaya a kansa: malamanta sun gano cewa yaran gidajen talakawa masu maki wajen 1400 suna ɓoye sakamakonsu don sun ga bai kai na yawancin waɗanda ake ɗauka ba, alhali da sun nuna shi da ya taimake su, tunda ana auna maki ne da irin makarantar da yaro ya fito. Ga ɗalibin da jami'in bai taɓa jin sunan sakandarensa ba, SAT ita ce abu ɗaya a takardarsa da za a iya jerawa kai tsaye da na ɗan Seoul ko ɗan Landan. A ganina dawowarta alheri ce ga irin yaranmu, duk da kuɗin rajista da na zuwa cibiyar jarrabawa.

Wanda ke nema daga ƙasashenmu

A shekarar karatu ta 2023/2024 'yan Najeriya 20,029 ne ke karatu a Amurka, abin da ya sa ƙasar ta zama ta bakwai a duniya kuma ta farko a Afirka, sai dai mafi yawansu digiri na biyu da na uku suke yi, kuma a jami'o'in da ba sa cikin 'yan tsirarun nan. A Harvard baƙi kan kai kashi 15 ko 16 cikin 100 na waɗanda aka ɗauka, wato kujeru kusan 300 da duniya gaba ɗaya ke rububi, da Sin da Indiya da Ingila da Kanada a ciki. A MIT kason baƙin da ake ɗauka kimanin 2 ne cikin 100, ƙasa da rabin na jimla.

Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Shekara guda a irin waɗannan jami'o'i, da kuɗin makaranta da ɗaki da abinci, ta haura dala 80,000. Yawancin jami'o'in Amurka, idan baƙo ya nuna yana bukatar tallafi, suna sa bukatar tasa a ma'auni kafin su yanke shawara, ta yadda yara biyu masu ƙarfi ɗaya za a iya ɗaukar mai biya a bar mai nema. Waɗanda suka yi alkawarin rufe ido daga aljihun baƙo, su kuma biya masa duk abin da ya gaza, ba su da yawa: Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst sun daɗe a kai, Dartmouth da Bowdoin suka shigo a 2022, Brown da Notre Dame daga baya. A Maris 2025 Harvard ta sanar cewa iyalin da ke samun dala 100,000 ko ƙasa da haka a shekara ba zai biya komai ba. Ga inda tsarin ya zama tarko: jami'o'in da talaka zai iya halarta kyauta su ne mafiya wuyar shiga, waɗanda kuma za su ɗauke shi cikin sauƙi galibi ba su da kuɗin da za su ɗauki nauyinsa. Jami'o'in jihohi, irin na Kalifoniya, ba su cika ba baƙo tallafin bukata ba sam. Saboda haka shawarar da ake ba ɗan Amurka, cewa ya haɗa da wasu jami'o'in da ya tabbata za su ɗauke shi, ba ta yi wa yaronmu aiki yadda take, domin gurbin da ba za a iya biya ba daidai yake da babu. Madogararsa ta gaskiya ita ce ya rubuta JAMB a shekarar, kada ya zauna jiran Maris.

Ko shiga irin waɗannan jami'o'i na canza rayuwa? Binciken Stacy Dale da Alan Krueger na 2002 ya nuna cewa ɗaliban da manyan jami'o'i suka ɗauka amma suka zaɓi wasu, albashinsu daga baya bai bambanta sosai ba, in ban da 'ya'yan talakawa, waɗanda suka amfana a zahiri. Binciken su Chetty ya ƙara da cewa bambancin yana can ƙololuwa, wajen shiga sahun masu kuɗin gaske da manyan kamfanoni da manyan makarantun gaba da digiri. Ke nan wanda ya fi cin moriyar gurbin shi ne wanda tsarin ya fi wahalar wa.

Hanyar neman ba ta bukatar dillali. Cibiyoyin EducationUSA da ke ƙarƙashin ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙaramin ofishinsa a Legas suna ba da shawara, kuma suna da shirin da ke biya wa haziƙan ɗalibai marasa hali kuɗin jarrabawa da na nema. Kuɗin tura takarda, wanda ke kamawa daga dala 70 zuwa 100 a kowace jami'a, ana iya neman a yafe shi. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi yana da tabbacin samo admishan a Harvard, ko ya ce zai rubuta wa yaro maƙala, yana sayar da abin da ba nasa ba ne, kuma jami'o'in suna soke gurbi idan suka gano ƙarya ko da ɗalibi ya riga ya fara karatu.

Ko an samu gurbi da cikakken tallafi, da sauran rina a kaba, domin jami'a takardar I-20 kawai take bayarwa, wato shaidar gurbi da ake neman biza da ita, biza kuwa a hannun gwamnati take. A Mayu 2025 gwamnatin Donald Trump ta yi yunƙurin ƙwace wa Harvard izinin ɗaukar baƙi, sai Allison Burroughs, alƙaliyar da ta saurari shari'ar 2018, ta dakatar da matakin. A Yuni 2025 aka sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da aka hana 'yan ƙasarsu shiga Amurka, a Disamba kuma aka ƙara da Nijar, aka kuma sa Najeriya a jerin waɗanda aka taƙaita wa wasu nau'o'in biza, har da ta ɗalibai. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa da sanarwa guda, wani lokaci tsakanin ranar da yaro ya tura takardunsa a Nuwamba da ranar 1 ga Mayu da ake son ya amsa tayin. Wanda gurbi ya faɗo masa a irin wannan yanayi zai iya rubuta wa jami'ar ya nemi a ajiye masa shi zuwa shekara mai zuwa, kuma da yawa daga cikinsu suna da tsarin yin hakan, sai dai wajibi ne ya tambaya a rubuce ko tallafin ma zai jira shi.